Na Taɓa Zinariyar da Aka Ba Ni Ajiya, Me Zan Faɗa wa Mai Ita?

Wasiƙu biyu muka ɗauka a wannan fitowa, dukansu daga ƙasar Sudan, dukansu kuma a kan kayan da ke hannun mutum alhali ba nasa ba ne. Mun sakaya sunayen waɗanda suka rubuto kamar yadda suka roƙa.

TAMBAYA: Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni mutumin ƙasar Tangale ne a jihar Gombe, sana'ata gyaran injin ban ruwa, na yi shekara 14 a Wad Madani. Wani Alhaji Bahaushe, wanda kakanninsa suka zo ƙasar nan a ƙafa kan hanyar hajji, shi ya ba ni haya a gidansa, shi ya tsaya mini har na sami shago, bai kuwa taɓa nuna mini bambanci saboda addinina ba. A watan Disamba na 2023, da yaƙin Sudan ya shigo gari, kowa ya kama gabansa. Ni na sami wuri a motar kaya mai zuwa Gadarif, shi kuma zai bi ta ƙauye ya ɗauki mahaifiyarsa, yana tsoron za a tare su a hanya. A ƙofar gida ya miƙo mini ƙullin ɗankwali, ya ce awarwaron Hajiya ne na zinariya guda 6, in riƙe har Allah ya sake haɗa fuskokinmu. Na cusa su cikin tsohuwar matatar man inji, na jefa cikin akwatin kayan aikina, da haka suka tsira.

A daminar 2024 kwalara ta kama 'ya'yana biyu, bayan mako uku aka yi wa matata tiyata wajen haihuwa, ga kuɗin haya ya ninka. Na sayar da guda 2. Yanzu Alhaji ya koma Madani, ya kira ni yana murna, ya ce in kawo saƙon idan hanya ta yi sauƙi. Bai san komai ba. Kuɗin da na karɓa a lokacin, yau ko guda ɗaya ba za su saya ba. Abokan aikina sun ce in gaya masa an ƙwace guda 2 a shingen hanya, tunda an yi wa dubban mutane haka, ba wanda zai yi musu. Ɗaya daga cikinsu mai bi ne, ya ce Allah ya san halin da na shiga. Tun daga ranar da na sayar ban sake cin jibin Ubangiji ba. Shin na ci amana? Me zan yi?

AMSA: Ɗana, Allah ya ƙara wa yaran da mahaifiyarsu lafiya, ya raya abin da aka samu. Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma abin da ya fara sanyaya mini zuciya shi ne cewa har yanzu abin yana hana ka barci. Mutumin da lamirinsa ya mutu ba ya zama ya rubuta irin wannan wasiƙa. Amma ba zan lulluɓe ka da daɗin baki ba, domin kai ma ba shi ka zo nema ba.

Abubuwa biyu ne ka haɗa cikin tambaya ɗaya, dole a raba su. Akwai abin da ka riga ka yi, wato sayar da awarwaro biyu, akwai kuma abin da ake zuga ka ka yi, wato ƙarya. Na farko ya wuce, sai gyara. Na biyu yana hannunka har yanzu, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro.

Game da na farko, Littafi Mai Tsarki bai ɗauki yunwa da ciwo da wasa ba. Karin Magana 6:30 ya nuna cewa mutane ba sa raina wanda ya taɓa abin wani don yunwa ta matsa masa. Yesu da kansa, a Markus 2, ya tuna wa Farisiyawa yadda Dawuda da mutanensa suka ci gurasar da aka keɓe wa firistoci sa'ad da suke cikin bukata. Ban ga uban da zai zauna yana kallon ɗansa yana zubar da ruwan jikinsa, da zinariya a cikin akwati, ya ce ba zai motsa ba. Ina kyautata zaton da a ce Alhaji yana tsaye kusa da kai a ranar, da shi zai ce ka sayar. Sai dai ayar da ke biye, ta 31, ba ta tsaya a kan tausayi ba, ta ce idan abin ya bayyana sai ya biya, ko da zai ƙarar da abin da ke gidansa. Wato larura tana rage nauyin laifi a idon mutane, amma ba ta mayar da kayan wani su zama naka. Ranar da ka karɓi kuɗin nan a hannun mai sayen zinariya, ka ɗauki bashin da mai shi bai san ya ba ka ba.

Akwai kuma wurin da nake so ka dubi kanka da kyau. Na san an yi tsawon lokaci layukan waya a katse a ƙasar, musamman daga Fabrairun 2024, kuma mai yiwuwa ne ranar da ka sayar ba ka da hanyar jin muryarsa. To amma layi ya dawo. Sojojin gwamnati sun sake karɓe Madani tun Janairun 2025, mutane suna komawa gidajensu, shi da kansa ya kira ka, kuka gaisa, kuka yi wa juna barka da arziki, ka kashe waya ba ka faɗa masa ba. Wannan shirun shi ne farkon ƙaryar, abokanka kalmomi kawai suka kawo maka da za ka tufatar da ita.

Ka tuna da Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni 5. Bitrus ya faɗa wa Hananiya a fili cewa gonar tasa ce, kuɗin ma bayan ya sayar suna cikin ikonsa. Abin da ya hallaka su shi ne sun kawo wani kashi suka ce shi ke nan duka. Kai ma za ka kai awarwaro 4 ka ajiye a gaban mutumin da ya ba ka 6, kuma duk abin zai rataya ne a kan maganar da za ta fito daga bakinka a wannan lokacin. Shari'ar Musa ta san irin wannan hali sarai. A Fitowa 22:7-8 an ce idan mutum ya ba maƙwabcinsa ajiyar kuɗi ko kaya, aka ce an sace, ba a kuma kama ɓarawo ba, sai a kawo mai ajiyar a gaban Allah don a gane ko shi ne ya sa hannu a kayan. Tun zamanin nan an san cewa “ɓarayi sun ɗauke” ita ce ƙofar da mai ajiya ya fi saurin bi ya fita. Littafin Firistoci 6 ya ƙara da abin da ya kamata ya girgiza kowane mai bi, domin ya kira yaudarar maƙwabci a kan ajiya cin amanar Ubangiji. Ɗan'uwan nan da ya ce maka Allah ya san halin da ka shiga gaskiya ya faɗa, amma bai ƙarasa ba. Allahn da ya ga 'ya'yanka a kwance shi ne kuma ya ga cewa ba wanda ya buɗe matatar nan a shingen hanya.

Wani abu kuma da abokanka ba su lura da shi ba: ƙaryar da suke ba ka tana da sauƙin shiga ne domin ta faru da wasu da gaske. Akwai matan da aka cire wa 'yan kunne da ƙarfi, akwai waɗanda suka rasa tarin shekara 30 cikin minti 5, akwai waɗanda suka rasa rai a kan abin da bai kai awarwaro ɗaya ba. Idan ka ari labarinsu ka rufe naka, ka yi ciniki da hawayensu ke nan. Bayan haka, duk mai ajiyar da aka yi wa fashi na gaskiya, gobe idan ya faɗa sai a dube shi da shakka, saboda irin abin da ake so ka yi. Alhaji kuma zai rungume ka, ya gode maka da ka tsirar da guda 4, wataƙila ma ya ba ka tukuici, kai kuwa za ka zauna da wannan godiya a wuyanka har ƙarshen ranka. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk ranar da aka ɗauko zancen gudun Madani a zaure, gabanka zai faɗi.

Bari in gaya maka abin da na gani da idona ina yaro. A farin 1973 wani Bafulatani ya bar wa mahaifina ajiyar dame 10 na gero a rumbunmu, ya yi kudu da sauran shanunsa. Kafin damina ta kama, namu ya ƙare, muka ci 3 daga cikin nasa. Ranar da aka hango shi yana dawowa, mahaifina bai jira ya iso ƙofar gida ba. Ya fita ya tarye shi a bakin gona, a ƙarƙashin wata ɗorawa, ina biye da shi, kafin ma a gama gaisuwa ya cire hularsa ya ce, “Na ci uku daga cikin kayanka, ni da yarana, ban nemi izininka ba.” Mutumin ya yi shiru har na ji tsoro, ya dogara a kan sandarsa yana kallon ƙasa. Bai yafe ba, ya ce a biya shi da kaka, aka kuwa biya shi, har da ƙarin dami ɗaya da mahaifina ya ɗora da kansa. Amma daga shekarar nan har mutuwarsa bai ƙara kai ajiyarsa wani gida ba sai namu. Ban san yadda Alhajinka zai karɓi maganar ba, ba kuma zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna. Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne a riga mai kaya magana, kada a bari sai ya ƙirga ya tambaya.

Saboda haka ka tafi da ƙafarka, kada ka aika, kada kuma ka yi ta waya. Tsakanin Gadarif da Madani tafiyar yini ce ko ƙasa da haka, kuɗin motar yana cikin abin da ya wajaba a kanka. Ka ɗauki dattijo ɗaya na ikilisiyar da kake sujada, mai riƙe magana, ka kuma roƙi Alhaji ya kira wanda ya yarda da shi, ko limamin unguwarsu ne ko ɗan'uwansa, domin abin da aka ƙulla a gaban shaidu ya fi wuyar warwarewa. Kafin ka kwance ɗankwalin, ka faɗi abin da ka yi a taƙaice: ka ba ni shida, na sayar da biyu a wata kaza, na yi kuskure da ban sanar da kai ba tun da wuri, ga huɗun, ga kuma yadda nake so in biya. Ka ambaci ciwon yaran sau ɗaya domin gaskiya ne, amma kada ka tsawaita shi har ya zama igiyar da za ka ɗaure bakinsa da ita. Wanda ya zo neman gafara ba ya shirya wa mai haƙƙi amsar da zai bayar.

Kada ka manta da Hajiya. Awarwaron nata ne, hannun mijinta kawai suka bi suka iso gare ka. Kai da ka daɗe a Sudan ka fi ni sanin cewa zinariyar mace ita ce asusunta, ita take dubawa ranar da miji ya faɗi ko aka tashi aurar da 'ya. Ko da Alhaji ya ce ya yafe, ka roƙi a isar mata da maganar, ta hanyar da ta dace da mutuncin gidansu, a ji ta bakinta.

Yanzu batun biya, inda na san nan ne cikinka yake ɗurar ruwa. Zinariya aka ba ka, zinariya ake binka. Kafin yaƙin ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, dala ɗaya tana wajen fam 600 na Sudan, daga baya ta haura 2,000 a kasuwa. Ita kanta zinariyar a kasuwar duniya ta tashi daga wajen dala 2,000 kowace oza a ƙarshen 2023, ta wuce 3,000 a Maris na 2025. Idan ka mayar masa da adadin takardun kuɗin da ka karɓa, ka biya da baki ne kawai, asarar kuwa ka bar ta a kan Hajiya. Ka nemo rasit ɗin mai sayen idan kana da shi, in babu, a kai ɗaya daga cikin huɗun wurin maƙerin zinariya ya auna ya faɗi giram nawa ne, karat nawa ne, a rubuta bashin da giram, kai da shaidu ku sa hannu. Daga nan kowane wata ka sayi abin da ƙarfinka ya kai, ko rabin giram ne, ko ka tura masa kuɗinsa ta Bankak, manhajar banki ta waya, a farashin ranar, a riƙa ragewa a takarda. Shekara biyu ko uku ba abin kunya ba ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Elisha ya ce wa gwauruwar nan a 2 Sarakuna 4 ta je ta sayar da man ta biya bashinta, sa'an nan ita da 'ya'yanta su rayu da abin da ya rage, wato biya ya zo a gaba, amma ba a ce yaran su kwana da yunwa ba. Firistoci 6:5 ya ce a mayar da ainihin abin a ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Ba na ɗora maka wannan a matsayin doka, amma Zakka mai karɓar haraji, da ceto ya shiga gidansa a Yariko, ba wanda ya tilasta shi ya ce zai mayar riɓi huɗu. Idan Allah ya buɗa maka, ka ɗora wani abu a kai, ko da gyaran injinsa ne kyauta.

Idan ya ce ya yafe gaba ɗaya, ka roƙe shi sau ɗaya da gaske ya bar ka ka biya. In ya nace, ita ma ta yarda, ka karɓa da hannu biyu, domin ƙin karɓar alheri shi ma wani irin girman kai ne. Idan kuwa ya yi fushi, ya faɗa maka magana mai zafi, ko ya ce ka nemi wani gidan haya, ka haɗiye, kada ka rama, kada ka je kana ba da labari don a ga laifinsa. Haƙƙinsa ne aka taɓa.

Ina so ka san girman abin da aka sa a hannunka. Hausawan da kake zaune cikinsu jikokin mutanen da suka ratsa Borno da Wadai da Darfur ne, wasu don hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda garin Mai Wurno da ke bakin Nilu kusa da Sinnar yake ɗauke da laƙabinsa, wasu kuma don aikin auduga a Jazira bayan an gama dam ɗin Sinnar a 1925. Tafiyar shekaru a ƙafa ba ta yiwuwa sai da ajiya, a bar kaya wurin mai masauki a wannan gari, a bar yaro wurin malami a wancan. Mutumin da ya tashi cikin wannan tarbiyya, a ranar da ya fi kowace rana tsanani, ya duba unguwa ya zaɓi Kirista ɗan haya ya ba shi dukiyar matarsa. Shekara 14 ya yi yana karanta ka kafin ya yi haka. Kuma ka san cewa mutumin da Filibus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni 8 ma'ajin Kandakatu ne, sarautar da masana tarihi suka danganta da sarauniyoyin Meroe ta dā, wadda kaburburan sarakunanta masu siffar dala suke tsaye har yau a arewacin garin Shandi. Mai bi na farko da Littafi ya nuna mana daga wannan ƙasa da kake ciki mai riƙon dukiyar wani ne. Amma kada ka mayar da zuwanka dandalin wa'azi. Ka je a matsayin wanda ake bi bashi, ka bar halinka ya yi magana.

Game da jibin Ubangiji, Matiyu 5:23-24 ya ba ka tsari: ka bar baikonka a gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna, sa'an nan ka dawo. Umarnin bai ƙare da tafiya ba, akwai dawowa a cikinsa. Ba sai ka gama biyan giram na ƙarshe ba. Ranar da ka furta a gaban Allah, ka furta a gaban mai haƙƙi, aka rubuta takarda, ka koma teburin Ubangiji a Lahadin da ke biye, domin an shimfiɗa shi ne saboda masu tuba. Ka kuma gaya wa matarka komai kafin ka hau mota, tunda tukunyarta ce za ta ragu a watannin biyan.

TAMBAYA: Baba, ni gwauruwa ce, ina ɗinki a Bur Sudan, wato Port Sudan, da shi nake ciyar da yara 4. Na sayi keken ɗinki da araha ƙwarai a hannun wani da ya kawo kaya daga Khartoum. Da na buɗe ƙaramin aljihun teburin, sai na ga hoton wata mata da yarinya, da littafin awon kwastomomi, da lambar waya a bangonsa. Zuciyata tana gaya mini na wawaso ne. Ni kuɗina na sa na saya, ban saci na kowa ba. Ina da laifi?

AMSA: 'Yata, ranar da kika saya ba ki san abin da ke cikin aljihun ba, ko da yake arahar ta isa ta sa ki tambaya. Yanzu kin sani, kuma lambar tana hannunki. Maimaitawar Shari'a 22:1-3 ta ce wanda ya ga abin ɗan'uwansa da ya ɓace kada ya kau da kai, idan bai san mai shi ba ya kai gida ya ajiye har a zo nema, sa'an nan ya mayar, ta ambaci dabba, ta ambaci tufa, ta ce da kowane irin abu. Fitowa 23:4 ta ce ko na maƙiyinka ne. Ke kuwa ba ma sai kin jira an zo nema ba.

Ki kira lambar. Kada ki fara da cewa keke yana wurinki, ki ce kin tsinci littafin awo da hoto, ki bar ta ta siffanta kekenta da kanta, irinsa da alamar da ke jikinsa, don kada wani ya yi miki wayo. Mai yiwuwa ne ita ta sayar da shi don kuɗin mota, in haka ne hankalinki ya kwanta, sai ki aika mata da hotonta. Idan kuwa ɗauke shi aka yi, to nata ne, kuɗinki yana kan wanda ya sayar miki, ko da kin san da wuya ki sake ganinsa. Ki faɗa mata gaskiyar halinki, nawa kika biya, yara nawa kike ciyarwa. Tela ce kamar ke, ta san abin da keke yake nufi ga gida. Za ku iya shiryawa ki biya ta kaɗan-kaɗan ya zama naki da yardarta, ko ki riƙe shi zuwa ranar da ta sami wurin zama, ko ku raba asarar. Ki kai maganar gaban zumuntar mata ta ikilisiyarku tun kafin ki kira, domin idan ya zama dole keken ya tafi, bai kamata a bar ki ke kaɗai da nauyin sayen wani ba, kuma ina roƙon dattawanku su ji wannan da kunnen basira. Idan lambar ba ta shiga, ki ci gaba da ɗinkinki, ki sa hoton da littafin a leda ki adana inda ruwa ba zai taɓa su ba, ki riƙa gwada kiran a farkon kowane wata.